Dakta Sabi'u Ya Tafi, Ba a Kankare Filin Batir Ba

Ina tsaye a ɗakin gwaji da rariya a hannu, ina tankaɗe ƙasar da muka ɗebo daga wata gona a Paikon Kore, sai wayata ta yi ƙara. Ranar Talata ce, hantsi ya ɗaga. Da na ga sunan Hajiya Bilkisu, matar Dakta Sabi'u, ban kawo komai a raina ba. Ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma mun saba idan ba zai fito ba ita ce ke kira ta ce in ci gaba da aiki. Na ɗaga ina shirin yi mata tsiya cewa ta sake riƙe mana shi a gida. Ba ta bari na ƙarasa sallama ba, ta ce, "Ramatu, Malaminku ya tafi." Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na ajiye rariyar, na cire safar hannu, na wanke hannuwana da sabulu har gwiwa kamar yadda ya koya min, sannan na samu wuri na zauna na yi kuka.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa. Na zo masa ina 'yar Zariya mai takardar makaranta da tsiwa, ban san bambancin jar ƙasa da laka ba sai a littafi. Shi ya sa ni a mota ya kai ni daji, ya miƙa min ƙarfen haƙa, ya ce in murɗa. Aikinmu gwajin ƙasa ne. Muna ɗebo ta, mu shanya, mu tankaɗe, mu duba abin da masana'antu da garejoji da wuraren ƙira suka zubar a cikinta, da inda ya nufa, da tsawon lokacin da zai zauna. Ni Malam nake kiransa, mutanen gari kuma Dakta. Na ga rubuce-rubucen yabo da aka yi masa a kwanakin nan, kuma duk gaskiya ne. Amma ni ba zan ɓoye ba, da ɓacin rai nake wannan rubutu, domin akwai abu guda da ya roƙa har ya koma ga Allah, kuma waɗanda suka fi kowa yabonsa su ne suka hana shi.

Mutumin Katsina ne, daga can arewa kusa da iyaka, inda rairayi ke shiga gonaki. A can ya yi ƙuruciyar aikinsa, yana bin busassun wurare har bakin hamada. Akwai labarin da yake ba kowane sabon ma'aikaci, ni kam na ji shi har na haddace. Ya ce akwai wani tsohon garejin manyan motoci a gefen wani gari, wanda aka watsar tun yana yaro. Da ya girma ya koma, babu ko gini, rairayi ya rufe komai, wuri fes, awaki na kiwo. Ya haƙa kamu ɗaya, ya haƙa biyu, sai ga baƙin mai, warinsa kamar jiya aka juye shi. Ya ce ranar ya gane cewa abin da ke cinye ƙazanta a ƙasa danshi ne da ƙananan halittun da ke rayuwa cikin danshin. Inda babu ruwa babu su, don haka duk abin da aka zubar sai ya zauna yana jira.

Yakan bayyana mana sauran a tsaye, da sanda yana zane a ƙasa. A rairayin arewa, in an yi ruwan sama mai ƙarfi sau ɗaya, gubar da ke narkewa sai ta bi ruwan ta nutse har ta ci karo da tauri a ƙarƙashi, ta tsaya. In rani ya yi, zafi ya riƙa janyo danshin sama, sai ta biyo shi ta dawo, ta bushe a fuskar ƙasa fari-fari kamar kanwa, dabbobi su zo su lasa. Wadda ba ta narkewa kuma sai ta manne wa ƙwayar ƙasa, iska ta ɗauka, ko ambaliyar rana ɗaya ta kwashe ta ta kai fadama, inda mutane suke shuka. "Ba ta ɓacewa, Ramatu," in ji shi. "Wuri kawai take sakewa, kuma kullum wurin da take komawa akwai mai rai."

Ƙananan halayensa su ne suka fi tsaya min. Bai taɓa soka ƙarfe a gonar mutum ba sai ya nemi mai ita ya gaishe shi ya nemi izini, ko da kuwa muna ɗauke da takardar hukuma. Duk ramin da muka haƙa sai an cike shi an tattake, wai kada akuyar wani ta karye. In sakamako ya fito, da ƙafarsa yake komawa ya gaya wa manomin da bakin da zai gane, ba ya aika takarda. A bayan motarsa kullum akwai jarkar ruwa da sabulu, kuma ko gyaɗa ba ka isa ka jefa a baki a wurin aiki ba sai ka wanke hannu. Direbobi har suna masa laƙabi da Baba Sabulu, yana ji yana murmushi. In na kawo masa maganar cewa mai wuri ya rantse ba a taɓa zubar da komai a nan ba, sai ya ce, "To, kin ji ta bakinsa. Saura ki ji ta bakin ƙasar."

Yanzu bari in zo ga filin. A bayan Dei-Dei, in ka wuce masu katako da masu rodi ka gangara, akwai wani fili da kowa a unguwar ke kira filin batir. Shekaru da yawa a nan ake fasa tsofaffin baturan mota, a zubar da ruwansu a ƙasa, a narka dalmar da ke ciki a sayar. Daga baya sana'ar ta tashi daga wurin, ciyawa ta ɗan fito a gefe, tsakiya kuwa ya zauna ƙeƙam. Mai filin shi ne Alhaji Mamuda, Bakano mai sayar da siminti da kwanon rufi a kasuwa. Ina so a fahimce ni, Alhaji Mamuda ba mugu ba ne. Mutum ne mai kyauta, kuma da ya ga unguwa ta cika da 'ya'yan 'yan kasuwa da na direbobi da na masu shanu, babu Islamiyya kusa, sai ya ba da filin wakafi domin a gina wa ƙananan yara makaranta. Aka kafa kwamiti, limamin unguwa ya zama shugaba, kowa na sa albarka.

Wani mai shanu ne ya kawo mana maganar, domin ya lura duk saniyar da ta saba lasar ƙasa a wurin sai ta riƙa tangaɗi tana karo da bango. Muka je muka ɗebo. Ni na yi gwajin da hannuna, na sake yi don ban yarda da idona ba, Malam ya sa na yi na uku. Dalma ce jibge a wurin. Ya nuna min cewa jar ƙasar Abuja ba ta barin dalma ta nutse kamar yadda rairayi ke barin wasu abubuwa. Riƙe ta take yi a sama, tsawon ɗan yatsa ko tafin hannu, daidai inda hannun yaro ke kaiwa. Yaro ya yi wasa, ya sa hannu a baki, ya shaƙi ƙurar wurin, ta shiga jininsa. Ba ta kayar da shi rana ɗaya. A hankali take cin ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari a ce yaron nan ba ya gane karatu, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba.

Kuma maganin ba wani abin tashin hankali ba ne, wannan shi ne abin da ke ƙona min rai. Abin da Malam ya roƙa shi ne a kankare saman ƙasar kamar kamu ɗaya, a jiƙa ta tukuna don kada ta tashi, a kai ta ramin da aka tanada a binne, a zubo sabuwa daga wuri mai lafiya, sannan a dafe tsakar makarantar da siminti. Bai ce kada a gina makaranta ba. Bai ce a karɓe filin ba. Mutumin da ya ba da filin kuwa siminti yake sayarwa, tifofi na ɗaukar kaya a ƙofar shagonsa tun safe har la'asar.

Malam ya sa babbar riga ya je shagon Alhaji da kansa, ni ina biye da jakar takardu. Alhaji ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Ya saurara har ƙarshe, amma ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Da Malam ya gama sai Alhaji ya ce, "Dakta, kana nufin najasa na ɗauka na ba Allah?" Malam ya rantse masa ba haka yake nufi ba, ya ce ladansa na nan cikakke, niyyarsa ba ta da aibi, ƙasar ce kawai ke da ciwo. Alhaji ya ce shekara nawa rana na dukan wurin, damina nawa ta wanke shi, me ya rage? Malam ya ce dalma ba jini ba ce ko fitsari da za su bushe su tafi, ƙarfe ce, rana ba ta ƙona ta, ruwa ba ya narkar da ita. Alhaji ya ce to a kai maganar gaban kwamiti, abin da malamai suka ce shi ke nan. A mota na ce wa Malam mutumin nan ba kuɗi yake ji ba, kunya yake ji, gani yake in an ga tifa na kwashe ƙasa daga wakafinsa za a ce abin banza ya bayar. Malam ya ce ya sani, shi ya sa ya fi wuya.

Aka sa ranar Asabar bayan la'asar, a filin kansa. Maza suka taru, aka shimfiɗa tabarmi, ni aka ba ni kujera can gefe. Malam ya yi bayani da Hausa tsantsa, bai sa kalmar boko ko ɗaya ba. Da ya gama sai liman ya tashi. Dattijo ne mai mutunci, ban taɓa jin an faɗi aibinsa ba. Ya ce shi bai san ilimin Dakta ba, amma ya san nasa. Ƙasa busasshiya wadda babu alamar najasa a kanta, ba wari ba launi, mai tsarki ce, ana salla a kanta, ana taimama da ita in babu ruwa. Sai ya tako har tsakiyar filin, inda ko ciyawa ta ƙi fita, ya durƙusa, ya buga tafukansa a ƙasa, ya shafa a fuskarsa da gemunsa, ya sake bugawa ya shafi hannuwansa. Mutane suka yi kabbara. A wurinsu an gama magana, tunda ga malami ya shafa a fuska bai faɗi ba.

Malam ya tafi wurin motarsa, ya ɗauko jarkar ruwa da sabulu, ya kawo gaban liman ya durƙusa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, taimamarka ta yi, ban isa in ce ba ta yi ba. Tsarki fanninka ne. Amma don Allah ka wanke hannu da gemu kafin ka ci abinci, wannan kuma fannina ne." Wasu suka yi dariya. Liman ya ce alwalar magariba ta kusa, za ta wadatar. Bai karɓi sabulun ba.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa. Raina ya ɓaci, na miƙe daga kujerar da aka ajiye ni, na ce da ƙarfi ai liman ya kusa saba'in, ƙwaƙwalwarsa ta gama girma, 'ya'yan mutane ne za su zauna a wurin kullum ba shi ba, in yana da gaskiya ya kawo jikokinsa su fara. Wurin ya kaure da hayaniya. Daga wannan lokaci ba a sake maganar dalma ba. Magana ta koma kan macen da ta ɗaga wa liman murya a gaban jama'a, da wanda ya kawo ta. Aka tashi a haka. A hanya Malam bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sai da muka kusa Zuba ya ce, "Abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma kin ba su abin tattaunawa wanda ba ƙasa ba, kuma da ma shi suke nema." Washegari ya koma shi kaɗai ya ba liman haƙuri a madadina, ni kuma na bi da ƙafata bayan kwana biyu na durƙusa. Liman ya yafe, amma ƙofar da na rufe ba ta sake buɗuwa ba.

Sai Malam ya juya ga hukuma. Ya rubuta rahoto, ya haɗa da taswirar filin da sakamakon kowane rami, ya kai ofishin da abin ya shafa. Aka buga hatimi aka ce an karɓa. Ya koma bayan mako biyu aka ce oga ya yi tafiya. Ya koma aka ce fayil ya hau sama. Ya koma aka ce ya sauko amma an tura wani sashe, domin ba a tantance ba ko maganar muhalli ce, ko ta ilimi, ko ta filaye. Da ya samu ganin ogan, mutumin ya tashi ya rungume shi, ya ce ai shi ɗalibin ɗalibinsa ne, ya yaba rahoton, ya ce irinsa ake buƙata a ƙasar nan. Sannan ya rage murya ya ce Dakta ya gane, abu ne da ya shafi wakafi da makarantar addini, in hukuma ta sa hannu za a ce ta hana karatun Alƙur'ani, gara a bi a hankali. Wata takwas muna bi a hankali. Dattijo mai hawan jini yana hawa bene hawa uku, domin na'urar hawa ta lalace, ya zauna a benci da fayil a cinya kamar mai neman aiki.

A nan zan faɗi abin da ke raina game da shi kansa, Allah ya gafarta masa ya gafarta min. Na sha jin haushinsa. Na ce masa mu je gidan rediyo, mu tara uwayen yaran mu gaya musu kai tsaye, mu yi hayaniya. Ya ƙi. Ya ce in aka kunyata Alhaji a bainar jama'a zai ƙara kafewa, kuma mutumin da ya yi niyyar alheri bai cancanci tozarci ba. Ya yarda da takarda, ya yarda da ladabi, ya yarda cewa in ka maimaita gaskiya cikin natsuwa sau da yawa za a ji. Ni ban yarda ba, kuma har yau ban san wanda ke da gaskiya tsakaninmu ba. Tsiwata ta ɓata taro guda, haƙurinsa kuma ya cinye wata takwas, ga shi duka biyun ba su kwashe ko cokali ɗaya na ƙasar ba. A cikin watannin nan aka kafa ginshiƙai, aka ɗora kwano, aka yi ajujuwa uku. Cikin ajujuwan an dafe, tsakar gida kuwa, inda yara za su yi wasa su ci abin tara, an bar ta yadda take.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Alhamis ne kafin rasuwarsa. Ya shigo ɗakin gwaji yana jan ƙafa, ya tsaya gaban kantar da muke jera ledojin ƙasar filin, kowace da lambarta da rubutun hannunsa. Ya ce in tabbata ba a zubar da su ba in an zo gyaran ɗaki, domin wata rana za a tambaya. Na ce wa zai tambaya, Malam, mutanen da ko karantawa ba su yi ba? Ya ce, "Likita zai tambaya, nan da shekara biyar ko shida, in aka fara kai masa yaran. Ina so ya samu amsa da wuri." Ban taɓa jin ya yi magana mai nuna ya sare ba sai ranar. Ya nemi ruwa ya sha magani, ya ce zai koma ofishin nan ranar Laraba.

An yi jana'izarsa ranar Talatar da la'asar, jama'a kamar ƙasa. Ni ina ciki wurin mata tare da Hajiya Bilkisu, amma labarin waje na shigowa. An ce ogan ofishin ya zo da tawaga, ya yi jawabi ya ce an yi rashin da ba za a maye ba. An ce liman ne ya ja addu'a har muryarsa na rawa. An ce Alhaji Mamuda ya aiko da buhunan shinkafa da rumfuna, kuma shi ya kama makara tun daga ƙofar gida. Ban ce ƙarya suke yi ba. Na yarda suna ƙaunarsa, kowa na ƙaunarsa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda za a so mutum haka, a yi masa kuka haka, amma a kasa yi masa abu guda da ya durƙusa ya roƙa.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, aka yi sallama a ƙofar ɗakin da Hajiya ke takaba. Alhaji Mamuda ne da liman, suka tsaya daga bayan labule. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce sun zo da albishir ne. Kwamiti ya zauna, kuma baki ya zo ɗaya cewa za a sa wa sabuwar makarantar sunan Dakta Sabi'u, domin a riƙa tunawa da shi, duk harafin da yaro ya karanta a wurin ladan ya kai masa. Ya ce har an ba mai rubutun allo aiki. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, ina jin muryarsa. Matan da ke ɗakin suka fara sa albarka. Ni kuwa na buɗe baki zan yi magana, sai Hajiya ta dafa gwiwata ta danne.

Mace ce mai sanyi, a shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Alhaji, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma mutumin nan ya yi wata takwas ba ya cin abinci sosai saboda filin nan. In kuna son ku girmama shi, ku kankare ƙasar, sannan ku sa sunan duk wanda kuka ga dama. In ba za ku kankare ba, ku bar min sunan mijina. Ban yarda a rubuta shi a kan ƙofar da ya roƙa kada yaro ya shiga ba."

Daga bayan labule Alhaji ya ce bai zo don ya ɓata mata rai ba, zai mayar wa kwamiti. Na ɗauka an kai ƙarshen abin. Na ce a raina abin da rahoto bai yi ba, abin da tsiwata ba ta yi ba, maganar mai takaba ta yi. Na kwana biyu ina sauraron ƙarar tifa.

Amsar ta zo bayan mako guda, ta bakin matar liman da ta zo gaisuwa. Kwamiti ya zauna, kuma saboda girmama Hajiya da halin da take ciki, an amince ba za a sa sunan Dakta ba, an zaɓi wani suna. Maganar kankara kuwa an ce a bar ta zuwa gaba, in Allah ya hore, domin iyaye sun matsu a fara karatu. Wato daga cikin abu biyu da ta faɗa sun ɗauki mai sauƙin, har suna ganin sun kyauta mata.

Jiya na bi ta wurin. An shafa fenti kore da fari, an kafa allo, an rubuta cewa za a buɗe ranar Asabar. Na tarar da wata mata ta kawo 'yarta a rubuta sunanta, yarinya ba ta wuce shekara huɗu ba, da sabon hijabi har ƙasa. Na ja uwar gefe na gaya mata komai, a hankali, yadda Malam zai so. Ta saurare ni, ta ce ta gode, amma ai liman ya ce wurin da tsarki, kuma babu wata makarantar kusa. A bakin ƙofar ofishin makarantar na ga damin sababbin tsintsiyoyi, ƙanana, daidai hannun yara. Malamin da ke rubuta suna ya gaya min da alfahari cewa kowace safiya kafin a shiga aji ɗalibai za su share tsakar makaranta, domin tsafta na cikin tarbiyya. Na tsaya ina kallon busasshiyar ƙasar nan, ina tunanin abin da tsintsiya ashirin za su tayar daga cikinta zuwa hancin masu riƙe da su.

Malam, na karya maka doka, na kai maganar fili. Ban ambaci sunan makarantar ba, ban tozarta kowa ba, amma duk mutumin unguwar da ya karanta wannan ya san inda nake nufi. Ledojin suna nan, sakamakon na nan, ni ma ina nan, duk mai son gani ya zo in nuna masa.

Ya Allah, ga bawanKa Sabi'u ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa hawa da saukar da ya yi domin 'ya'yan mutane su zama nauyi a mizaninsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Bilkisu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri da dangana, Ka zama gatansu bayansa. Ka yafe min abin da harshena ya ɓata masa. Ka saka wa Alhaji da liman a kan kyakkyawar niyyarsu, Ka kuma buɗe zukatansu tun lokaci bai ƙure ba. Yaran nan kuma da za su ɗauki tsintsiya ranar Asabar, ya Ubangiji, Ka tsare su da tsarewarKa, domin mu manyansu mun sani, kuma mun kasa. Amin.